Makullin Ɗakin Iri

Tun hantsi ruwan farko yake zuba, bai ɗauke ba sai da aka idar da azahar. Ƙamshin ƙasa ya shigo tsakar gida ya tarar da Zubair a bakin rumfa, nan take wani abu ya motsa a ƙirjinsa, mai daɗi, mai ɗumi. Abin da yake tsoro ke nan.

Bara waccan ma da daɗi abin ya fara. Kwana biyar bai runtsa ba, duniya ta yi masa kyau kamar amarya ranar buɗar kai. Ya kwashe irin gero da dawa na gidan kaf ya binne a busasshiyar ƙasa, wata biyu kafin damina, har ya tsallaka ya shuka a gonar maƙwabcinsu Baba Iliyasu. Gara da zabi suka yi biki. Daga nan ya kwanta wata uku fuska a bango, ko sallama ba ya amsawa. A asibiti a Kano likita ta ce ciwo ɗaya ne mai hawa da sauka, ta ɗora shi kan litiyam, safe da yamma. Maganin ya dawo masa da barci, ya bar masa ƙishirwa da 'yar rawar hannu. Ranar da aka sallame shi, da kansa ya ɗaura makullin ɗakin iri a haɓar zanen matarsa Tahira.

"In kika ga ina zumuɗi," ya ce mata a lokacin, "ko kuka nake yi, kada ki ba ni."

Yau ga shi yana zumuɗi. Ya ɗauki sungumi ya ajiye. Ya sha ruwa moɗa biyu. Ya je zaure, ya dawo, ya sake komawa. Murnar manomi ce wannan, ko ciwon ne ya dawo da sabuwar riga? In ya shuka, iri na iya sake salwanta. In ya zauna, laimar ta wuce shi.

Tahira tana tankaɗe, tana binsa da wutsiyar ido.

"Baban Ramlat, ƙasar gidan nan za ka cinye da ƙafa?"

"Tahira, daɗi nake ji," ya ce. "Sosai. Ban san ko nawa ba ne."

Ta ajiye rariya. "Jiya ka yi barci?"

"Na yi."

"Ni ce shaida, munsharinka har awaki ya tayar. Maganin safe fa?"

"A gabanki na sha."

"To, ni ba likita ba ce, kuma ban iya leƙa zuciya ba. Amma ƙasa ba ta ƙarya. Je ka tona, ka dawo ka nuna mini hannunka."

Ya fita kamar an sake shi daga turke. A tsakiyar gona ya durƙusa ya tura yatsunsa masu rawa. Laima. Ya ƙara turawa har wuyan hannu ya nutse, ƙasar tana nan sanyi ƙalau. Da ya ɗago, sai ya ga gonaki sun cika da mutane, kowa da sungumi, kowa yana sauri.

"Zubairu," Baba Iliyasu ya kira daga kan iyaka, "bana ka makara. In ka gama taka, tawa na nan, na san ka san hanya."

Zubair ya yi dariya har idonsa ya kawo ruwa.

A ƙofar gida ya miƙa wa Tahira hannu, caɓa-caɓa da taɓo. Ta riƙe shi, ta daɗe tana dubawa fiye da yadda dubawar take buƙata. Sannan ta kwance haɓar zanenta.

"Kwano biyu kawai yau," ta ce. "Kai ka sara, ni in zuba, hannun nan naka zai yi mana ɓarna. Magariba na yi mu dawo."

"In na ce a ƙara fa?"

"Sai in mayar da makullina."

Ta cika buta da ruwan sha ta rataya masa a kafaɗa, ta wuce gaba da ƙwaryar iri.