Ranakun Dinesh a Tukunyarmu

Mu bakwai ne a ɗakinmu na unguwar Gubaira, can ƙasar Larabawa, bayan garejin da muke aikin walda. Hausawa biyar, sai Baba Gulzar, dattijo mutumin Pakistan, sai Dinesh, ɗan Hindu daga Indiya, wanda ya koya mini aikin tun ina sabon shiga. Tukunya ɗaya muke ci.

Buraima na Maraɗi ne ya kawo mana tsari: kowace Juma'a bayan an sauko, a ɗaga hannu kan cefanen mako. Mu a ganinmu adalci ke nan. Kullum kuwa naman sa ke yin nasara, shida da ɗaya. Mun san Dinesh ba ya ci, sai mu tsame naman mu zuba masa miyar, muna ganin mun kyauta. Ya yi godiya, ya koma gefe da burodi da madara.

Wata Laraba ya gaya mini a hankali cewa zai koma unguwar Suwaidi wajen 'yan garinsu, zai kuma roƙi kafil, wato ubangidan da ya ɗauke mu aiki, ya sauya masa wurin aiki. Ashe ko romon ma a wurinsu ba ya ciyuwa. Ranar ban iya aikin kirki ba.

Da Juma'a ta zo na faɗa wa kowa. Buraima ya ce shi bai ga zalunci ba, ai kowa an ba shi hannunsa. Baba Gulzar ya yi ta dariya har da tari. Da Larabcinsa na gareji ya ce wannan rigimar ta girme mu duka. Zamanin da Ingila ke mulkinsu, Indiya da Pakistan suna ƙasa ɗaya, Musulmi ne marasa yawa, suka ce in ƙirga kai kawai za a yi, to har abada ba za a ji su a majalisa ba, a ware musu kujerunsu su zaɓi nasu. Kakansa har muryarsa ta dushe kan wannan.

Dinesh ya ce nasa kakan yana ɗaya ɓangaren. Cewa kakan yake raba kujeru da addini raba ƙasa ne, kuma shi har yau yana ganin tsohon yana da tasa gaskiyar.

"To ɗaga hannu, sadik," in ji Baba Gulzar, wato aboki da Larabci. "Mu ga ko kakanka zai ƙwace ka daga miyar Buraima."

"Baba, ai naka hannun ma yana cikin shidan," in ji Dinesh.

Dattijon ya hau sosa gemu, mu kuma muka fashe da dariya. Can ya ce lallai yau da kakansa zai gan shi, da sanda zai bi shi.

Nan muka shirya. Litinin da Alhamis na Dinesh ne, ba ɗaga hannu, abin da ya ce shi za a dafa. Sauran ranakun kuma a ɗibar masa miya a wata 'yar tukunya kafin nama ya shiga. Dinesh ya ce ya karɓa, amma kada labarin ya kai garinsu, a ce jikan tsohon nan ya yarda an ware masa kujera.

Ran Litinin ya dafa mana adas, irin waken nan ƙanana, da barkonon da ya sa Buraima hawaye. Yana share ido yana miƙo kwano a ƙara masa. Ni da Dinesh muka wanke kwanuka, yana tsara mini yadda gobe za mu haɗa wata ƙofar ƙarfe.