Jirgi Yana Hanya

Mode ya sake yin sallama, wannan karon da ɗan ƙarfi, amma yarinyar da ke zaune bayan kantar kamfanin jirgin ba ta ɗago kai ba. Idonta na kan kwamfuta, ta tallafe haɓa da hannu ɗaya. A ƙirjinta an maƙala kati mai sunanta, Mashkura. Sai da ya buga kantar da tafin hannu sannan ta ce jirgi bai iso ba, ya je ya zauna, in ya iso kowa zai ji.

"Ɗiyata, sallama niy yi miki," in ji shi. "Ko nan ba a amsawa?"

Ta amsa can cikin maƙogwaro, ba ta dube shi ba.

Mode dillalin albasa ne a kasuwar Goronyo, kuma bai taɓa hawa jirgin sama ba. Ba marmari ya kawo shi filin jirgin Sakkwato ba. Mahaifiyarsa ce, Inna Tani, ta faɗi ranar da mutanen ƙauyensu suka watse da jin 'yan bindiga na tafe, ƙashin ƙugunta ya tsage. Masu ɗori sun yi iyakar ƙoƙarinsu, abu ya ƙi. Asibitin Sakkwato suka tura su Abuja, aka sa mata ranar aiki gobe da safe, likita kuma ya ja kunnensa cewa doguwar tafiya a mota za ta wahalar da ita ƙwarai. Shi ya sa ya kwashe albasar da ya ajiye yana jiran farashi ya tashi, ya sayar da ita a arha, ya yanki tikiti biyu.

Tun da aka sallame asuba suka baro Goronyo a motar Yari, tsohon abokinsa direba, wanda ya rantse ba zai juya ba sai ya ga jirgin a sama da idonsa. An ce tashin safe ne. Ga shi hantsi ya wuce, rana ta kusa tsaka, ba jirgi, ba bayani.

Inna na kwance a kan bencin ƙarfe, an shimfiɗa mata zane, tana jan carbi tana cije leɓe duk lokacin da ta motsa. Da suka shigo Mode ya roƙi a ba su keken marasa lafiya, Mashkura ta ce mai makullin ɗakin bai zo ba. Shi da Yari suka ɗauko tsohuwa a hannu mutane na kallo. Bayan haka kaɗan wani mai babbar riga ya shigo, ma'aikata biyu suka ruga suka karɓe masa jakar da ko yaro zai ɗauka, suka shige da shi ɗakin da sanyinsa ke busowa ta ƙarƙashin ƙofa. Mode ya ga duk wannan, ya haɗiye.

Da Inna ta yi wani nishi mai nauyi, ya kasa zama. Ya koma wurin kanta ya yi bayani tiryan-tiryan: tsohuwa ce, aiki za a yi mata gobe, abin da yake so kawai a gaya masa lokacin da jirgin zai zo.

"Baba, mi kake so in yi maka?" in ji Mashkura. "Ni ka tuƙin jirgin?"

Nan Mode ya fashe. Ya ce shekarunsa a kasuwa bai taɓa ganin mai saye ya biya kuɗi sannan a wulaƙanta shi haka ba. Ya ce ko ɗan dako a Goronyo ya fi ta sanin darajar mutane. Ya tambaye ta ko ba ta da uwa a gida. Muryarsa ta cika zauren, fasinjoji suka miƙe, wasu na cewa gaskiyarsa.

Sai ga wani mutum ya fito daga ofis, sanye da kwat, ƙamshin turarensa ya riga shi isowa. Ya ce shi ne Nasrullahi, manajan kamfanin a nan. Ya rusuna ya gaida Mode da hannu biyu, ya kira shi Alhaji, ya je har benci ya durƙusa ya yi wa Inna sannu. Kafin a ce wani abu keken marasa lafiya ya bayyana. Ya ja Mode zuwa ofis, ya ba shi kujera da ruwan sanyi, ya tabbatar masa jirgi yana hanya daga Legas, hadari ne ya ɗan tsare shi. Ya ce kada ya sa komai a ransa, in sha Allahu Inna a Abuja za ta yi la'asar.

Zuciyar Mode ta yi sanyi, ya ga ashe akwai 'yan halak a wurin. Da manaja ya tambayi abin da ya faru, ya zayyana masa komai, bai rage ba, har ya ƙara da cewa irin wannan yarinya ɓata musu suna kawai take yi.

Aka kira Mashkura. Manaja ya yi mata faɗa da Turanci, ya juye Hausa don baƙo ya ji, sannan ya ce ta cire katinta ta ajiye, ta tafi gida sai an neme ta. Ta cire katin a hankali ta ɗora a kan tebur.

"Tun kahin azumi ba ku biya mu ba, ranka ya daɗe," ta ce. "Yau da ƙahwa nis shigo daga bakin titi."

Manaja ya yi murmushi, ya ce wannan ba maganar gaban baƙi ba ce.

Mode ya ji wani abu ya ɗan soke shi. Shi kansa ya san leburan da ba a sallama ba jefar da buhu yake yi, shi ya sa ba ya barin ladan masu yi masa lodi ya kwana. Amma ya gaya wa kansa yunwa ba ta hana amsa sallama, ya sha ruwansa ya fito.

Ya nufi wurin ajiye motoci don ya sallami Yari, tun da jirgi na hanya. A gindin wata dalbejiya ya tarar da Mashkura tsaye da jakarta, tana jiran abin hawa. Ya kau da kai zai wuce, ta kira shi.

"Baba, kak ka bari direbanka ya tahi. Jirgin ga ba ya zuwa."

Ya tsaya. Ta ce tun jiya jirgin ya lalace a Legas, kuma da sassafe aka tara su aka gargaɗe su kada wanda ya faɗa. Ana so mutane su zauna har yamma, lokacin da ba wata mota ko wani jirgi, sai kowa ya haƙura a mayar da tafiyarsa wata rana, ba wanda zai nemi kuɗinsa. Ta ce ba yau aka fara ba, kuma kullum su na bakin kanta ne ke shan zagin.

Mode ya tambaye ta me ya hana ta gaya masa tun da safe.

"Da na hwaɗi, da tun da sahe anka kore ni. Yanzu ko ka riga ka yi musu aikin." Ta gyara mayafinta. "Ba don kai nika hwaɗi ba. Don tsohuwar ga ta."

Bai san lokacin da ya koma cikin zauren ba. Ya tsaya a tsakiya ya faɗa wa kowa abin da ya ji, ya kira manaja ya fito ya rantse da Allah cewa jirgi ya taso. Manaja ya fito da murmushinsa, bai rantse ba. Ya ce Alhaji ya yi haƙuri, maganar ma'aikaciyar da aka hukunta ce, kowa ya san yadda mai jin haushi yake. Wasu 'yan kasuwa biyu suka ɗauki jakunkunansu suka fita. Sauran suka dubi Mode da hularsa ta sha rana, suka dubi mai kwat, suka koma suka zauna.

Yari ya ce in sun tashi yanzu za su iya kaiwa Funtuwa da sauran haske, su kwana, su yi sammako. Ko za su riski likita, wannan sai Allah. Da suka zo sa Inna a mota abin ya gagare su, duk yadda suka ɗaga ta sai ta yi ƙara. Mashkura ta ajiye jakarta ta zo. Ta ce a tura kujerar gaba, ta naɗe bargo ta tokare ƙugun, ta riƙe ƙafar da hannu biyu har aka kwantar da ita. Inna ta tambaye ta 'yar ina ce, ta ce Wurno, tana zaune wurin gwaggonta a cikin gari. Inna ta sa mata albarka.

Mode ya buɗe baki zai ba ta haƙuri, ta ce su tafi rana na yi. Ya ce su rage mata hanya, ta ce ba hanyarsu ɗaya ba.

Sun wuce Dange, Yari na kauce wa ramuka kamar mai ɗauke da ƙwai, Inna na salati a baya, sai wayar Mode ta yi ƙara. Manaja ne, muryarsa lumui. Ya ce ya kira ne ya sanar da Alhaji cewa hedikwata ta karɓi ƙorafinsa, an sallami yarinyar daga aiki gaba ɗaya, kuma kamfani na godiya da ya taimaka musu wajen gyara. Mode ya tambayi jirgi. Manaja ya ce ana sa ransa kowane lokaci.

"To, hakkinta hwa?" in ji Mode. "Kun biya ta kahin ku kore ta?"

Manaja ya ce layin ba ya da kyau, ba ya jin Alhaji sosai.

Mode ya sake tambaya, a hankali, kalma bayan kalma. Wayar ta katse.