Firintar Inna

Likita ne ya kawo shawarar. Ya ce wa Malama tunda mantuwar mahaifiyarta ta fara cin fuskoki, a riƙa nuna mata hotunan 'ya'ya da jikoki, ko Allah zai sa wasu su zauna. Malama ta gwada da wayarta, abin bai yi ba. Inna sai ta kai yatsa ta shafi fuskar da ke gilashin, hoton ya gudu, ita kuma ta shiga kuka wai ta kori yaron. Shi ya sa ranar Asabar Malama, wadda ita ce babba a gidan kuma ita ke jinyar, ta bar Inna wajen maƙwabciya ta tafi shagon kayan kwamfuta neman firinta.

Mai shagon mutum ne mai fara'a da yawan magana. Ya tsayar da ita gaban wata ƙatuwa mai kama da akwatin lefe.

"Hajiya, wannan ta haɗa komai. Ta buga, ta kwafa, ta ɗauki hoton takarda. Na ofis ne ko na yara 'yan makaranta?"

"Na uwata ne," in ji Malama. "Mai sauƙi nake so. Mara waya."

"Duk marasa waya ne, amma fa sai da waya suke aiki," ya ce, ya yi dariyar abinsa shi kaɗai. Da ya ga ba ta taya shi ba sai ya gyara murya, ya nuna wata baƙa. Ya ce wannan da hoda take bugu, ba ta bushewa ko an daɗe ba a taɓa ta ba, sai dai fari da baƙi kawai ta sani.

Malama ta girgiza kai. Inna da launi take kama mutane yanzu, wannan mai jar hula, waccan mai koren mayafi.

"Kunna min waccan ƙaramar in ji ƙararta."

"Ƙara kuma? Mutane sauri suke tambaya."

"Tana firgita."

Daga nan mai shago ya rage surutu. Ya kunna ƙaramar, fara ce, maɓallinta ɗaya, tawadarta a 'yan tankuna da ake gani daga waje. Ta ja takarda a hankali kamar mai jan numfashi. Ya nuna mata yadda za ta haɗa ta da intanet ɗin gida, har ƙannenta da ke nesa su iya turo hoto daga inda suke ya fito a falo. Ya ɗaukar mata kwalin har bakin titi, ya ce Allah Ya ba da lafiya.

Ta ajiye ta kan teburin da keken ɗinkin Inna yake a da. Kwanakin farko gidan ya ɗan yi rai. Firintar na motsawa Inna za ta gyara ɗankwali ta ce, "An yi baƙi." Malama ta ɗauko takardar da ɗuminta ta miƙa mata. Inna ta riƙe da hannu biyu, ta shafa yadda take so, ba wanda ya gudu. Jikokin ba ta kawo sunansu, amma tana yi musu wasa, ta ce wannan mai kumatun ya cinye abincin gidansu.

Da hoton Auta ya fito, ɗan lelenta da ya tafi aiki wata ƙasa, ta daɗe tana kallo.

"Wannan bawan Allah fa? Ya yi furfura tun bai tsufa ba."

"Auta ne, Inna."

"Kayya. Auta yana makaranta."

Da yamma Auta ya kira yana ɗoki, ya ce Yaya, Inna ta gane ni? Malama ta ce ta daɗe tana kallonka. Bai ƙara tambaya ba.

Sai Malama ta lura tsofaffin hotuna sun fi kamawa. Ta zazzage jakar hotunan gidan, ta ɗauke su da waya, tana buga su manya-manya. Inna ta gane ƙanwarta da ta rasu, ta gane tsohuwar ƙofar gidansu. Wata rana bayan la'asar Malama ta buga wani da ita kanta ta manta da shi: yarinya cikin kayan firamare, haƙoran gaba babu, kitso ya tsufa.

Fuskar Inna ta washe gaba ɗaya.

"'Yata ce! Ta farin. Ga ta nan da rashin jin magana." Ta ɗago ta dubi Malama da ladabin da take yi wa ma'aikatan asibiti. "Baiwar Allah, kin san ta?"

Malama ta zauna a hannun kujera.

"Na san ta, Inna."

"Ba ta zuwa. Ke ce dai kullum, Allah Ya yi miki albarka. Ita ko leƙe." Inna ta goge hoton da bakin zane. "Ban san me na yi mata ba."

"Ba ki yi mata komai ba."

"To in kin gan ta ki ce ina cigiya."

Malama ta ce to. Ta shiga kicin ta buɗe famfo don kada a ji ta, ta tsaya har tukunyar da ke ƙasa ta cika ta tumbatsa.

Bayan wannan ba ta sake buga tsohon hoto ba. Ƙannen ma turowar tasu ta yi ta ja da baya, yau aiki, gobe mantuwa, har ta tsaya. Inna kuwa ta riƙe na yarinyar, da shi take kwana, da shi take cin abinci, har gefensa ya yi laushi ya yage. Duk wanda ya shigo dubiya sai ta nuna masa ta tambaye shi ko ya san inda take. Maƙwabciya ta taɓa buɗe baki za ta ce ai ga ta nan a gabanki, Malama ta yi mata ido, ta ci gaba da yanke wa Inna farce.