Littafin Aro a Rugar Sama'ilu

Da daminar shekara ta biyar bayan samun mulkin kai, Mahmuda ya sauka daga lorin Sakkwato a tashar Tambuwal. Akwatinsa na kwano yana saman mota tare da buhunan gishiri, amma akwai wani ƙunshi da ya naɗe a rigar ruwa wanda bai rabu da cinyarsa ba tun daga Zariya.

Mahmuda ɗan Sama'ilu ne, makiyayin da ke yin damina a dajin Fakku, ƙasar Kebbe. Tun yana ƙarami aka ɗauko shi makarantar boko, ya tashi a hannun Malam Attahiru, malamin firamare wanda kuma ke riƙe da mabuɗin ɗakin karatu na En'e. Yanzu ya gama shekararsa ta farko a jami'a, sashen likitancin dabbobi. Duk wanda ya gamu da shi a hanya "Likita" yake ce masa, shi kuwa sai ya sunkuyar da kai ya wuce.

Sai da suka gama cin tuwo da Malam Attahiru a zaurensa sannan ya buɗe baki.

"Malam, na faɗi."

Malam Attahiru ya tsame hannu daga kwanon wanke hannu. "Duka?"

"Takarda guda. Ta sassan jikin dabba. In an koma za a sake mani ita. In na sake faɗi, ban san abin da za su yi da ni ba."

Ya ba shi labarin yadda abin ya kasance. Kowane ƙashi da kowace jijiya da sunanta a wani harshe da ba Turanci ba, Baturen da ke koyarwa kuma magana yake kamar ana kora shi. Laburaren jami'a kuwa, ranar farko da ya shiga ya ga kantoci har rufi da akwatunan kati jere, bai san ta inda ake farawa ba, kunya kuma ta hana shi tambaya. Ya zagaya ya fito. Zango biyu ya yi yana kwafar rubutun abokai. Sai a zango na uku wani ma'aikacin laburaren, Malam Na'iya, ya lura da shi yana kai da kawo, ya zaunar da shi ya nuna masa yadda ake bin kati a kai ga littafi. Malamin da aka ɗora wa duba karatunsa shi ma ya fara tara su da yamma yana maimaita musu darasi a hankali. Amma rana ta riga ta yi nisa.

Ya kwance rigar ruwan. Littafi ne mai kauri kamar tubali, cike da zanen cikin saniya da doki da tunkiya.

"Guda biyu gare su kaf, kuma ba a fita da su," in ji Mahmuda. "Malamina ya tsaya mani, sannan Malam Na'iya ya ba ni. Ya ce in tuna 'yan baya duk shi suke jira."

"To ai Allah ya rufa asiri," in ji Malam Attahiru. "Ga mabuɗi nan. Ba mai damunka."

Ɗakin karatun ɗaki ɗaya ne kusa da ofishin hakimi, da benci biyu, da tsofaffin jaridu, da akwatin littattafai da ake aikowa daga Kaduna lokaci-lokaci. Babu ko ɗaya da ya shafi karatunsa, amma akwai taga mai haske, akwai shiru. Kullum da hantsi yana can, yana zana ƙasusuwa a takarda yana rufe sunayensu da yatsa. Ya fara jin abin yana zama a kansa.

Ran wata kasuwa sai ga yayarsa Hinde a bakin ƙofa. Tana aure a wata ruga kusa da Sanyinna. Ba ta ko sauke ƙwaryar da ke kanta ba.

"Adda, lafiya?"

"Ba lafiya ba. Shanun Baffa na tari. Fuɗu sun faɗi. Ya aiko a ce maka ka taho da abin da kaka karantawa."

"Adda, ni ban kai ga magani ba tukuna."

"Kai ka san wannan. Ni saƙo anka ba ni."

Da Mahmuda ya yi shirin tafiya rugar mahaifinsa, Malam Attahiru ya ce ya bar littafin a Tambuwal. Mahmuda ya ce bai san kwanakin da zai yi ba, jarrabawa kuma ba za ta jira shi ba. Ya sake naɗe shi, ya ari keke, ya bi hanyar Kebbe cikin taɓo, ya ƙetare gulbi a kwalekwale yana rungume da ƙunshin a ƙirji.

Tun kafin ya ga bukkoki ya ji tarin. Shanun da ya sani tun suna maruƙa suna tsaye sun ware ƙafafun gaba, sun miƙe wuya, numfashi yana fita da gurnani. Mahaifinsa ya rame. Ya tara maƙwabtansa makiyaya a gindin wata ƙirya, da ya hango shi sai fuskarsa ta saki.

"Ga shi nan ya iso," ya ce da su. "Ni nac ce maku ku dakata."

Suka matsa masa wuri a kan buzu. Ya buɗe littafin, suka sunkuyo suna kallon zanen, wani yana taɓa haƙarƙarin saniyar takarda da ɗan yatsa.

"Ciwon huhu ne, wannan mun sani," in ji Sama'ilu. "Mun yi masu tsagar hanci ta rigakafi irin ta iyaye, ba ta tare shi ba. Duba mana maganin Turawa."

Mahmuda ya juya shafi, ya sake juyawa, ba don yana neman wani abu ba, sai don ya rasa ta yadda zai faɗa.

"Baffa, wannan littafi lafiyayyar saniya yake nunawa. Babu magani a ciki."

"Duk girman nan nasa?"

"Sai shekaru masu zuwa za a koya mana cuta."

Wani dattijo ya janye yatsansa daga takardar ya goge a riga.

Da la'asar aka yanka wata jar saniya ta Dada, mahaifiyarsa, kafin ta mutu banza. Mahmuda ya durƙusa kusa, ya buɗe littafin a kan wani kututture don ya gwada abin da zai gani da abin da ke zane. Da aka fasa ƙirjin, ruwa rawaya ya kwararo, huhun ya manne da haƙarƙari ya yi tauri. Mai fiɗa ya fizge shi da ƙarfi, jini da ruwan suka fantsamo suka sauka a shafukan. Mahmuda ya zabura ya sa hannun riga ya goge, gogewar ta ƙara shimfiɗa shi. Ya tsaya riƙe da littafin yana kallon jan da ya ratsa takarda har bayanta.

Washegari ya ji shawarar da manya suka yanke. Za su tashi a ɓoye su yi kudu wajen Yawuri, ko canjin ciyawa zai taimaka. Abu ɗaya da ya riƙe daga wata lacca shi ne cutar nan numfashi take bi. Duk mashayar da suka tsaya, za su bar ta ga garken wani.

Ya sami mahaifinsa shi kaɗai yana ɗaure maruƙa.

"Baffa, a gaya wa malamin dabbobi na Tambuwal. Suna da allura. Waɗanda ba su kamu ba za su tsira."

"In malamin dabbobi ya zo, mai jangali na bayanai. Su ƙirga mu, su tsare mu wuri guda, su yanka wadda sunka ga dama. Kuma ba ni kaɗai ba, duk rugagen nan. Da wane ido nika duban mutane?"

"In kun tafi da ita, shanun wasu za su mutu."

"Na aika ka taho da magani, ba da hukuma ba. Kar in ji, kar in gani."

Mahmuda ya koma Tambuwal da sunan karatu. Ya zauna a ɗakin nan mai taga, amma shafukan da suka ɓaci sun manne da juna, in ya buɗe wasu kuma tarin yake ji. Ya gaya wa Malam Attahiru komai, yana fatan ya ce masa yi ko bari.

"Ubanka ne, Mahmuda," in ji malamin. "Ni ba ni iya sa ka saɓa mashi. Kuma ba ni iya ce maka abin da ka gani ba ka gan shi ba."

Ya yi kwanaki yana wucewa ta gaban ofishin dabbobi yana dawowa. Ranar da ya ji a kasuwa cewa wasu rugage biyu sun riga sun tashi, ya shiga.

Abin da Sama'ilu ya faɗa duk ya faru. Malamin dabbobi ya je da 'yan doka, aka killace dajin, aka hana kowa tashi ko kai saniya kasuwa. Aka yi wa masu lafiya allura, aka yanka waɗanda suka yi nisa. Da lokacin jangali ya zo, an riga an san adadin kowa. Ba a ɗauki lokaci ba aka san wanda ya kai magana. Mahmuda ya bi malamin dabbobi ya koma don ya taimaka da riƙe shanu, mahaifinsa ya gan shi ya juya baya ya shige bukka. Matan maƙwabta suka daina zuwa daka wurin Dada. Sauran hutun ya ƙare masa tsakanin Fakku da Tambuwal, karatun da ya yi bai taka kara ya karya ba.

Ranar da ya koma Zariya, laburare ya fara zuwa. Ya ajiye littafin a gaban Malam Na'iya, ya buɗe masa wurin da kansa.

Malam Na'iya ya daɗe yana kallo. Ya gwada raba shafukan da bakin wuƙar takarda, ɗaya ya yage.

"Jinin mene ne?"

"Na saniyar mahaifiyata."

Ya ba shi labarin a tsaye. Malam Na'iya ya saurara har ƙarshe, ya rufe littafin a hankali.

"Na ji tausayinka. Amma dole in kai shi gaba, ni ma hannuna yana ciki. Sabo kuwa sai an aiko daga Ingila, wata da watanni. 'Yan sabon aji da guda ɗaya za su yi ta fama."

Bayan haka aka dakatar da ba ɗalibai irin waɗannan littattafai su tafi da su hutu. Ba a ambaci sunansa ba, amma kowa ya sani. Wani ɗan ajinsu daga Katagum, wanda ya sa rai da aron a hutu mai zuwa, ya daina zama kusa da shi a ɗakin cin abinci.

Ya rubuta jarrabawar ya sake faɗi, da ɗan kaɗan. Malaminsa ya kai maganarsa gaban manyan sashen, ya yi ta bayani har aka yarda ya maimaita shekarar maimakon a sallame shi. Ya kira shi ofis ya gaya masa, ya ce abin da ya yi a Fakku shi ne daidai, ya kuma sa masa ranakun da zai riƙa zuwa su bi darasi su biyu. Mahmuda ya yi godiya. Kalmar daidai ɗin ba ta sauke masa komai daga ƙirji ba. Malam Na'iya kuwa, ko da yake an ja masa kunne, ya ci gaba da ajiye masa guda ɗayan da ya rage na awa ɗaya kowace safiya, a teburin da ke gaban idonsa.

Da hutun kaka ya tafi neman iyayensa. An ɗage killacewar, ya same su a bakin gulbi, bukkokinsu su kaɗai, ba maƙwabci ko ɗaya. Garken ya ragu da kusan rabi, amma ba a jin tari. Dada ta rungume shi tana kuka. Ta gaya masa a hankali cewa waɗanda suka gudu kudu da wuri an ce kusan ba abin da ya rage musu.

"Baffa ya ji?"

"Ya ji. Bai ce komi ba."

Da shanu suka dawo da yamma, Sama'ilu ya amsa gaisuwarsa, ya sa aka shimfiɗa masa tabarmar baƙi. Ya tambaye shi hanya, ya tambaye shi Malam Attahiru. Sannan ya ce, "Karatun fa?"

Mahmuda ya ga ba amfanin ɓoyewa. Ya gaya masa ya faɗi sau biyu, yana maimaita aji.

Tsohon ya murza igiyar da ke hannunsa.

"To. Shanun sun tafi, karatun ma bai samu ba."

Ya tashi ya nufi maruƙa.

Mahmuda ya yi 'yan kwanaki yana tatsa yana kai shanu ruwa. Mahaifinsa bai kore shi ba, bai kuma sake zama da shi ba. Da lokacin komawa ya yi, Dada ta cika masa gora da fura, ya bi wasu fatake masu jakai zuwa Kebbe, inda zai jira mota.