Ɗan Farin Yelwa

"Malam, ka ce wa wancan ya sha," in ji Yelwa daga bakin ƙofa. Ta ba ɗakin baya, tana tsince tsakuwa daga cikin wake.

Wancan shi ne Ilu, ɗanta na fari, maƙwabcina, wanda ke kwance a tabarma yana tari kamar ana yaga busasshiyar fata. Na ɗaga masa kai, na kai masa ƙoƙon rubutu baki. Kaɗan ya shiga, sauran ya bi gemu.

Shekarar marisuwa ce, mashaƙon da ya share gidaje. Ilu ya ɗauko ta a Maigatari, inda ya je sarin kanwa da jakunansa. Matarsa ta riga shi tafiya. A unguwarmu ta Gumel an kusa daina zaman makoki. A kai gawa, a wanke hannu, a jira ta gaba.

"Yaya tana nan?" in ji Ilu. Haka yake kiran uwarsa, don a hannun kakarsa ya tashi.

"Tana bakin ƙofa."

"Ta shigo mana."

Na leƙa na gaya mata.

"Wake nake tsinta," in ji ta.

Kowa ya san al'adar. Uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta haɗa ido da shi, ba ta nuna ta damu da shi. Yelwa ta riƙe wannan kunya har ana yi wa 'yan mata misali da ita. Na karanta littattafai da dama, ban ga inda aka wajabta haka ba, amma ba wanda ya taɓa tambayata.

Ilu ya cika kafin la'asar. Na rufe masa ido, na fito na yi salati.

"Allah ya jiƙan Musulmi," in ji Yelwa. Ta ci gaba da tsintar wakenta. Mata suka yi ta yabon ta.

Daga ranar ta daina ci. Ba ta ce ba za ta ci ba. A kawo tuwo ta yi godiya, ta rufe da faifai, da safe kaji su samu. Zana ce kawai tsakanin gidana da nata, har motsin tsintsiyarta ina ji, amma ban ji ko shessheƙa ba. Liman Ɗantala ya zo, ya tsaya a zaure ya aika mata da "sai haƙuri". Na san kalmar. Da matata Mairo ta rasu a shekarar yunwa, an kawo mini ita har ta isa cika rumbu, ga rumbun wayam.

Ranar sadakar uku Yelwa sai da bango take miƙewa. Da hantsi Kande mai ƙosai ta shiga gidan Yelwa da wasu mata, sun zo dakan gumba. Ƙawar Yelwa ce tun suna amare, ita ma ba a daɗe da binne ɗanta na fari ba, Cindo. Ina zaune a zaurena tare da Liman, muryarta tana iso mu sarai.

"Yelwa, kin ga idonki kuwa? Kamar rijiyar rani. So kike mu shiga neman likkafani? Farin ƙyalle ya ƙare a kasuwa, sai dai mu naɗe ki a tabarma."

"Lafiyata ƙalau."

"Ƙarya kike, 'yar tsohuwa. Ni za ki gaya wa? Tun da aka fita da nawa ban zubar da ko ɗigo ba. Yana nan a ƙirjina kamar dutsen niƙa. Ba ni da bakin kiran sa, ke ma ba ki da bakin kiran naki."

"To, ya za a yi? Haka muka tarar."

"Musaya za mu yi. Naki ba ɗan farina ba ne, nawa kuma ba naki ba ne. Ni zan yi miki, ke ki yi mini."

Taɓarya ta tsaya. Can sai muryar Kande ta tashi.

"Wayyo Ilu! Ilu mai jakuna! Ilu da ya sace mini ƙosai yana yaro, na bi shi da ludayi har bakin kasuwa! Ilu, wa zai ce mini Goggo mai faɗa?"

Ta daɗe tana yi ita kaɗai. Na ce a raina dabarar ta faɗi. Sai na ji wata ƙaramar murya, a shaƙe, kamar ta wanda ya daɗe bai yi magana ba.

"Cindo."

Muryar Yelwa ce. Ta sake cewa:

"Cindo, ɗan Kande. Cindo da ke gyara mini danga ko ban ce ba."

Daga nan abin ya ɓalle. Ban taɓa jin kuka irin wannan ba, da sunan wani a baki, da wani a ciki. Sauran matan suka shiga, kowace tana kiran mamacin maƙwabciyarta.

Liman ya gyara zama. "Malam Ɗantsoho, kana jin wannan? Kai da ka yi karatu, ka aika a tsawatar musu."

"An yaga tufa?"

"A'a."

"An mari fuska?"

"Ban ji ba, amma..."

"To, hawaye ne. Sha furarka, Liman."

Ya sha, fuska a murtuke, ya tafi.

Sai wajen azahar gidan ya yi tsit. Na shiga ciki ɗaukar buta, idona ya faɗa ta inda akuya ta cinye zana. Yelwa tana zaune a ƙasa, ta jingina da kafaɗar Kande, idanun duka biyun sun kumbura. Kande ta miƙa mata ƙoƙon kunu ba tare da ta dube ta ba. Yelwa ta karɓa da hannu biyu, ta hura, ta kurɓa, ta sake hurawa.