Jawabin Kawu

Sau uku ke nan ana maimaita fitowa ta biyu, kuma sau uku babu ɗan wasan da ya yi tuntuɓe ko da a kalma ɗaya. Darakta tana zaune a kujerarta ta roba, rubutun wasan bisa cinyarta, biro a hannu, ta rasa inda za ta sa baki.

A gefenta akwai Baƙuwa, wata dattijuwa mai furfura da siririn tabarau, wadda wata cibiyar horar da daraktocin wasan dandamali ta aiko daga ƙetare. Duk shekara cibiyar kan tara daraktoci goma sha biyu daga ƙasashe dabam-dabam, su yi wata shida suna aiki tare, kowa yana ɗaukar hannun ɗan'uwansa. Bana gurbi ɗaya ya rage. Shekara huɗu Darakta tana neman shiga, sai wannan karon aka aiko a ga aikinta. Wasiƙar kuwa ta faɗa ƙarara: ba kammalallen wasa ake son gani ba, gwaji ake son gani, da yadda take sarrafa 'yan wasanta.

Ɗakin gwajin a saman bene yake, ƙasansa shagon masu yankan gilashi. Da alli aka zana iyakar dandamali a kan siminti, fanka ɗaya ce ke juyawa cikin uku. A tsakiyar zanen Kawu yake tsaye, ƙanin mahaifiyarta, wanda ya kafa ƙungiyar tun tana rarrafe, ya kuma riƙe ita Darakta bayan rasuwar mahaifinta. Shi ke fitowa a matsayin tsohon da aka kawo wa jakar ɗansa da ruwa ya ci. Doguwa, mai fitowa a matsayin 'yarsa, takan ajiye jakar a gabansa, shi kuma sai ya buɗe hannuwa, ya fuskanci 'yan kallo, ya zubo jawabi na shafi ɗaya da rabi da muryar da har masu gilashi suke jin ta daga ƙasa.

Ya dire jawabin a karo na uku, daidai da na farko har wurin jan numfashi. Baƙuwa ta rufe littafinta. Ƙarar rufewar ba ta taka kara ta karya ba, amma Darakta ta ji ta sarai.

"A huta," in ji ta. "Azahar ta yi."

Ta yi sallarta a ɗan ɗakin ajiyar kayan wasa, tsakanin akwatin huluna da wata ƙofar katako da ba ta kai ko'ina. Tana sallamewa Doguwa ta leƙo, fuska cike da fara'a.

"Anti, kin ga yadda muka goge kuwa? Ko tari ba wanda ya yi!"

"Abin da ke ba ni mamaki ke nan. Ke da makon jiya kike manta rabin maganarki, yaushe kika zama haka?"

Doguwa ta rufe baki tana dariya. "An ce kada a gaya miki. Kawu ne ya tara mu a gidansa, kwana shida muna yi a bayan idonki. Ya ce ke 'yarsa ce, ba za a kunyata ki a gaban baƙi ba. Wai duk wanda ya bari kika buɗe baki kika yi masa gyara yau, shi da shi ne. Mai Fitila ma, da aikinsa kunna fitilun dandamali ne kawai, sai da aka sa ya haddace lokacin da zai yi atishawa."

Darakta ta naɗe sallayarta. Garin neman gira an tsone ido. Domin ƙauna suka yi, ta sani, sun share mata hanya har sun share ta da kanta daga cikin ɗakin.

"Anti, lafiya? Ba mu kyauta ba?"

"Kun kyauta. Je ki sha ruwa."

Ta iske Baƙuwa tsaye a bakin taga tana kallon wasu mutum biyu da suka ɗauko faifan gilashi za su tsallaka titi da shi. Da harshen da Darakta ta koya a jami'a suke magana, wanda babu mai jin sa sosai a cikin ƙungiyar.

"Ba na jin abin da suke faɗa," in ji Baƙuwa, "kuma ba na bukata. Na ga wasa mai tsabta. Darakta ce ban gani ba. Awa biyu kina zaune kamar wadda ta sayi tikiti."

"Sun yi shiri fiye da yadda na nema."

"Na lura. Mota za ta zo ɗaukata ƙarfe uku, kuma abin da na gani shi zan rubuta." Ta juyo. "Tambaya ɗaya. Yadda tsohon nan yake yi, haka kike so?"

Darakta ta maida idonta kan titi. Ƙarya tana kusa, mai sauƙi, amma yanzu ta tashi daga kan sallaya.

"A'a."

"To me ya hana ki gaya masa?"

"Kawuna ne. Shi ya raine ni."

"A can za mu ba ki 'yan wasa takwas, wasu sun girme shi, wasu sun fi shi suna. Idan akwai mutumin da ba ki iya tsayarwa, ina bukatar in sani tun yanzu."

Gaskiya ce, kuma Darakta ta fi kowa sanin ta. Shekara goma tana jan ragamar ƙungiyar, kowa tana yi masa gyara a gaban kowa, ban da Kawu. Shi sai ta bi shi gida, ta zauna a ƙasa, ta naɗe gyaran cikin gaisuwa da yabo, har ya zama in ta tashi tafiya ba ta tabbatar ya gane gyara ba ne. Shi kuwa ya ce Allah ya yi miki albarka, washegari ya dawo ya yi yadda ya saba.

Ƙarfe biyu da kwata aka koma. Doguwa ta shigo cikin zanen alli, ta ajiye jakar. Kawu ya buɗe hannuwa, ya cika ƙirji.

"Ya kai teku marar imani, wanda ba ya—"

"Dakata, Kawu."

Muryar ta fito ƙarama, amma kowa ya ji. Mai Fitila ya janye hannu daga makunni. Kawu ya tsaya da hannuwa a sama, ya waiga hagu da dama kamar mai neman wanda aka kira.

"Da ni ake?"

"Da kai nake, Kawu. A yi haƙuri." Ta miƙe, ta taka har bakin zanen. "Ina so mu gwada wani abu. Idan ta ajiye jakar, kada ka juyo wajenmu. Ka zauna a bencin nan."

Ya yi murmushin da ya saba yi wa yaran unguwa. "'Yar nan, zafi ne ya taɓa ki? A zaune murya ba ta kai layin baya. Tun ba a san za a haife ki ba nake wannan sana'a."

"Ba sai ta kai ba. Ba za ka yi jawabin ba."

Daga ƙasa ana jin ƙarar abin yankan gilashi. Doguwa ta sunkuyar da kai.

"Wane ɓangare na jawabin?"

"Dukansa."

Murmushin ya ɓace. Kawu ya sauke hannuwansa a hankali. Ya dubi Baƙuwa, wadda ta sake buɗe littafinta, sa'an nan ya dubi Darakta, ya rage murya.

"A gaban baƙuwa? Gidana ya ƙone ne da ba za ki iya zuwa ki same ni ba?"

"Na zo sau da yawa, Kawu. Laifina ne da ban taɓa faɗa yadda za a ji ba." Ta ji hawaye yana neman zuwa, ta mayar da shi. "Uban da aka kawo wa kayan ɗansa ba ya yi wa teku huɗuba. Jakar yake buɗewa. Kai ka koya mini cewa kada ɗan wasa ya yi kukan da ya kamata 'yan kallo su yi."

"Au, yau da sandata za a doke ni."

Ya cire hular wasan, ya ɗora a kan benci, ya nufi ƙofa. Babu wanda ya motsa. Darakta ta dubi agogon bango: biyu da rabi. Zuciyarta tana ce mata ta bi shi, ta durƙusa, ta ce wasa take yi, gurbin ya tafi duk inda zai tafi. Ta karanta addu'ar da ta zo bakinta a ɓoye, ta tsaya inda take.

"Kawu," ta ce da bayansa, "ba a tashi ba tukuna. Daga ajiye jaka za mu ɗauka."

Hannunsa yana kan mariƙin ƙofa. Ya daɗe a haka. Abin da ya dawo da shi, Allah kaɗai ya sani. Wataƙila shekara arba'in ne da bai taɓa fita daga gwaji ba kafin a sallame shi. Ya dawo bai dubi kowa ba, ya zauna a bencin da ƙarfi, ya ba su rabin baya.

"To ga ni. Kawo jakar, a gama."

Doguwa ta ajiye. Ya fizgo ta cikin fushi, ya ja zif, zif ya cije. Ya sake ja, ya ƙi.

"Kada ka tsaya," in ji Darakta a hankali. "Ka bi shi sannu. Ta ɗanka ce."

Yatsunsa suka lafa. Ya lallaɓa zif ɗin har ya buɗe. A ciki tsohuwar riga ce da Mai Fitila ya cusa don jakar ta yi nauyi. Kawu ya zaro ta, ya riƙe, ya rasa yadda zai yi da hannuwan da suka saba buɗewa.

"Ninke ta. Kamar zai dawo ya sa."

Ya shimfiɗa rigar a gwiwarsa, ya daidaita kafaɗunta, ya ninke hannu ɗaya, ya ninke ɗayan. Ya ga wani maɓalli yana reto, ya tsaya yana taɓa shi da babban yatsa. Doguwa, wadda ya kamata ta yi magana a nan, ta buɗe baki, ta kasa, ta juya tana share ido da gefen mayafi. Darakta ba ta tsayar da su ba. Sai da ta bari shirun ya kai inda zai kai, sa'an nan ta ce, "Mu sake. Doguwa, wannan karon ki matso kusa da shi taku biyu."

Sau huɗu suka sake, kowane karo tana gyara wani abu, har aka yi hon daga titi.

Baƙuwa ta sa littafinta a jaka. A kan matakala ta ce, "Wasiƙa za ta zo miki kafin ƙarshen wata. Ki duba fasfonki, kada ya zama ya kusa ƙarewa." Ta ɗan tsaya. "Ki ce wa tsohon na gode."

Da Darakta ta hawo, sauran sun sulale, Kawu kaɗai ke zaune yana ɗaura agogonsa.

"Ta tafi?"

"Ta tafi, Kawu. Ta ce a gode maka. Da alama sun ɗauke ni."

"Alhamdu lillahi." Ya gyaɗa kai, fuskarsa ta ɗan saki. "Ai na gane daga baya. Baƙuwa kike so ta ga kina da iko, na ce bari in taya ki. To, an yi an gama. Gobe sai a maido mini da jawabina."

Ga hanya ya buɗe mata, wadda za ta fid da su duka biyu ba tare da kowa ya ji kunya ba. Ta durƙusa a gabansa kamar yadda take yi a gida.

"Ba don ita na yi ba, Kawu. Jawabin ba zai dawo ba. Yadda ka yi yau, haka za a kai shi gaban jama'a."

Ya zuba mata ido har sai da ta ji nauyinsa a wuyanta. Bai sa mata albarka ba. Ya miƙe, ya fita, tana jin takunsa yana sauka ɗaya bayan ɗaya. Ta zauna a simintin, ta ƙura wa bencin ido.

Takun ya tsaya a tsakiyar matakala.

"Ke!"

"Na'am, Kawu."

"Zif ɗin nan kada wanda ya gyara shi. A bar shi yana cijewa."