Ajiyar Matan Unguwa

Saura kwana tara zaɓe, ranar Alhamis da hantsi, rediyon ɗakin malamai ya ce Honarabul, ɗan takarar mazaɓarsu, ya bar jam'iyyar Fitila ya koma Tsani, shi da magoya bayansa kaf. Malamai suka bushe da dariya. Malamin lissafi ya ce ai da ma don masu son hawa aka yi tsani. Malama ba ta yi dariya ba. Ta rufe jan bironta, ta bar littattafan 'yan aji biyar a buɗe, ta fita ko izinin hedimasta ba ta nema ba. Abin da ke ranta gwangwanin biskit ne, wanda ke ƙarƙashin gadon mahaifiyarta.

Shekara goma sha biyu Inna tana shugabar matan Fitila a mazaɓarsu. Tela ce, ba ta yi makaranta ba, amma babu gidan da ba ta san ɗakin tsakiyarsa ba. Ita matan unguwa ke kawo wa katin zaɓensu ta adana, don a gida ko miji ya ɗauke ya kai wa 'yan siyasa, ko yara su yi wasa da shi, ko ya faɗa ruwan wanki. Kati ɗari biyu da sha huɗu, an ɗaure su da roba lungu-lungu.

A hanya Malama ta ga har an fara. Mai fenti yana bisa benci a bangon kantin magani, yana shafe fitilar da shi da kansa ya zana watan jiya. Masu shaguna suna ja da ƙofofinsu ƙasa suna raha. Kowa ya san abin da ke tafe, kuma kowa ya bar wa maƙwabcinsa ya fara magana.

Ta tarar da Inna a kan keken ɗinki, tana haɗa rigunan gangami masu hoton fitila.

"Inna, kin ji?"

"Na ji, ai ba kurma ba ce ni." Ƙafarta ba ta bar feda ba. "Rigimar manya ce. Jibi za ki gan su a mota ɗaya suna ɗaga wa mutane hannu."

"Ki tashi mu raba katunan nan yanzu. Kowace ta riƙe nata."

"In bi gida-gida da rana tsaka kamar mai talla? Ana gobe zaɓe nake rabawa, kamar kullum."

"Wannan kullum ɗin ne zai kashe mu! Shekara nawa ina gaya miki, kati ba zani ba ne da za a ba tela ajiya?"

"To, Malama ta fara darasi. Ki sauke murya, nan ba aji ba ne." Inna ta tsayar da keken, ta ciji zare. Da ta sake magana muryarta ta yi sanyi. "In na ba su, za su tambaye ni ina za a dangwala. Me zan ce? Honarabul ne ya kwantar da babanki a asibiti lokacin da kowa ya juya mana baya. Fitila kuwa, tun kina goye nake mata wahala. Ni kaina ban san inda yatsana zai sauka ba."

Malama ta buɗe baki, sai ƙarar babura ta cika lungun. Aka bankaɗe labule ba sallama.

Gatari ne a gaba. Ɗan ƙanwar Inna ne, a ɗakin nan ya girma bayan rasuwar uwarsa, a tabarma ɗaya suka kwana da Malama har ya kai goma. Yanzu shi ne shugaban yaran Honarabul. Sabuwar rigar Tsani ce a jikinsa, ko karin ninki bai baje ba, wuyan tsohuwar rigar Fitila yana leƙowa daga ƙarƙashi. Mutum huɗu suna bayansa. Wani dogo mai jan ido yana riƙe da gorar fetur.

"Inna, barka da aiki. Yaya Malama, yau ba makaranta?" Ya rusuna kaɗan, idonsa na kan gado. "Oga ya aiko ni. Gwangwanin nan za ki ba ni."

"Ya yi me da shi?"

Gatari ya sosa ƙeya. "Inna, laifinki ne, kin iya aiki da yawa. Shekara goma sha biyu kina koya musu: ku nemi fitila, ku dangwala. Har a mafarki hannunsu fitila yake nema. Kwana tara ba zai ishe mu mu sauya musu hannu ba. In suka shiga rumfa, Oga za su kayar suna zaton shi suke zaɓa. Gara kada su je."

Sai a lokacin Malama ta gane abin da fetur ɗin yake yi a ɗakin.

"Ƙonawa za ku yi," ta ce. "Ba ma sacewa ba. Mata ɗari biyu, don ubangidanku ya canza riga da safe."

"Yaya, ki bar turancin nan. Ni aike aka yi min."

Inna ta miƙe, ta je ta zauna a bakin gado, ta jawo gwangwanin ta ɗora a cinya, ta rufe shi da hannu biyu.

"Ajiya ce," ta ce.

"Na sani. Ajiyar Oga ce, ai matansa ne."

"Kai ɗan nan, a gidan nan ka tashi ba ka san ajiya ba? Hannun da ya ba ni, shi zan mayar wa. Honarabul bai ba ni ko ɗaya ba. Ka je ka kawo min matar birkila ta ce in ba ka nata, sai in ba ka."

"Inna, don girman Allah kar ki sa ni..."

Dogon bai jira ya ƙarasa ba. Ya ture shi gefe, ya kama gwangwanin ya fizga. Inna ta biyo shi har ƙasa, ba ta saki ba. Ya ja ta a kan siminti zuwa bakin ƙofa, ɗankwalinta ya faɗi, gwiwarta ta goge. Da hannunta ya iso daidai dokin ƙofa, sai ya kama ƙyauren ƙarfen ya bugo shi da dukan ƙarfinsa. Malama ta ji ƙarar ƙashi kafin ta ji ihun Inna. Ya sake bugowa. A na biyun yatsun suka buɗe.

Dutsen guga ne kusa da hannun Malama. Ba ta san lokacin da ta ɗaga shi ba. Ya sami dogon a gefen baki, haƙori ya yi tsalle ya faɗa cikin rigunan gangami. Wani ya kai mata gora a haƙarƙari, numfashinta ya ɗauke, ta durƙusa. Ta ji Gatari yana ta ihu, "Kar a taɓa su! Na ce kar a taɓa su!" amma babu mai sauraronsa, kuma shi ma ƙafafunsa waje suka nufa, bayan gwangwanin.

Ta rarrafa zuwa ƙofa. A tsakiyar lungu suka ajiye shi, suka buɗe murfin, suka tuttule fetur. Tagogi duk a rufe, amma ta ga labulaye suna motsi. Mata ɗari biyu suna kallo ta kafa, kowace da katinta a cikin abin da za a cinna wa wuta. Aka ƙyasta ashana.

Wutar ba ta gama kamawa ba wata farar motar ɗaukar kaya ta toshe bakin lungun. Yaran Fitila ne, na ciyaman ɗin jam'iyyar, sun fi goma, da adduna da sarƙar babur. Na gabansu yana tafe yana ihu: "Ina tsohuwar Honarabul? A fito da katunan! Ba mai kai wa maci amana ƙuri'armu!" Shi ma da tasa gorar fetur a hannu.

Jiya waɗannan da waɗancan a mota ɗaya suka je gangami, sigari ɗaya suka zagaya. Yanzu suka haɗu a gaban famfon unguwa. Sarƙa ta naɗe wuyan wani, aka ja shi ƙasa aka bi shi da ƙafa. Dogon, jini na zuba daga bakinsa, ya fasa kwalba ya soka wa wani a cinya. Adda ta sauka a gefen kan Gatari, kunnensa ya rataya da fata, ya dafe wurin ya zube a jikin bango. Babur ya kama da wuta. Babu wanda ya ƙara waiwayar gwangwanin. Abin da dukansu suka zo yi ai yana yin kansa.

Malama ta ja bahon da Inna ta jiƙa yadi a ciki, ta ɗebo yadin da ruwansa, ta ratsa tsakaninsu a sunkuye. Wani abu ya tsaga mata kafaɗa, ba ta tsaya dubawa ba. Ta danna jiƙaƙƙen yadin a kan wutar, ta kwanta a kai da nauyinta. Ƙarfen ya ci tafin hannunta. Warin roba ya shige mata maƙogwaro. Ta rungumi gwangwanin ta ja da baya har gindin famfo.

Jiniya ta yi kuka daga babban titi. Masu iya gudu suka gudu, wasu a babur, wasu ta katanga. Motar 'yan sandan ba ta shigo ba, wucewa ta yi. Lungun ya rage daga takalma a warwatse sai mutum uku a kwance, ɗaya ba ya motsi.

Malama ta buɗe yadin. Katunan sama sun narke sun manne, sun zama dunƙule baƙi. Na ƙasa sun yi baƙi a gefe, amma fuskoki na nan.

Inna ta fito tana dafa bango, ta tallafe hannun damanta a ƙirji, yatsu uku sun karkace inda yatsa ba ya karkacewa. Ta tsaya a kan Gatari. Ya ɗago ido, "Inna..." Ta zare mayafinta da hannun hagu ta jefa masa a ka. "Danne wurin," ta ce, ta wuce.

"Mu je asibiti," in ji Malama.

"Sai na sauke kayan mutane. Ɗago min in gani."

Malama ta ɗaga kati na farko. Inna ta dubi hoton, ta ja numfashi, ta ɗaga murya irin ta gangami.

"Matar birkila!"

Sai wata ƙofa ta yi ƙara. Matar ta fito babu takalmi, ta tsallake jinin da ke gaban gidanta, ta karɓi katin da hannu biyu, ta cusa shi a cikin rigarta.

"Uwar tagwaye! Mai kitso! Gwaggo ta gidan bene! Amaryar direba, ke fito, ba cizonki zai yi ba!"

Suka riƙa fitowa, ɗaya-ɗaya da farko, daga baya a jere. Wasu suna kuka, wasu suna tsine wa Honarabul, wasu ciyaman, wata tsohuwa ta haɗa su duka har da wanda ya ƙirƙiro zaɓe. Fatar tafin Malama tana mannewa a kowane kati, amma ba ta bari wani ya karɓe ta ba. Da gwangwanin ya ƙare, mata hamsin da bakwai suna tsaye hannu wofi. Duk 'yan lungun masallaci ne da na bayan makaranta, waɗanda ɗaurinsu ke sama. Inna ta dube su ɗaya bayan ɗaya. Sannan ta sulale, mata biyu suka tare ta.

Ana neman abin hawa, mai kitso ta matso kusa da Malama, tana goge baƙin katinta da gefen zani.

"To Malama, yanzu ina za mu dangwala?"

"Katinki yana hannunki," in ji Malama. "Ke za ki zaɓa."

"Na ga yana hannuna, ai ba makauniya ba ce ni. Tambayarki na yi. Waɗannan sun karya Inna, waɗancan da fetur suka zo. Wanne ne namu?"

Malama ta daɗe tana da amsar kowace tambaya a unguwar nan. Ta dubi hannunta da ya ƙone, ta dubi wanda ke kwance ba ya motsi.

"Ba su biyu ne kaɗai a takardar ƙuri'a ba," ta ce. "Akwai wasu jam'iyyu a ƙasa, ba a taɓa karanta muku su ba. Ni ma ban san su sosai ba. Gobe bayan an tashi yara ku zo ajina, mu bi su ɗaya-ɗaya."

"Mu da namu ya ƙone fa?" wata ta tambaya daga baya.

"Ku ma ku zo. Ku za ku zauna a gaba."

Aka samo motar mai burodi. Suka ɗaga Inna su huɗu, a hankali, saboda hannun.